Ya Dawo Daga Daji, Kwanonsa Na Dawowa Cike: Yadda Uwargida Za Ta Auna Matsalar

A gidan Bahaushe kwanon abinci yana magana. In maigida ya suɗe, uwargida ta san hannunta ya faɗa daidai. In ya turo kwano yadda aka kai masa, to akwai magana: ko an ɓata masa rai, ko ya ci a wani wuri, in kuma zargi ya yi nisa a ce an shiga tsakani. Da wannan fassarar muka tashi, kuma sau da yawa takan yi daidai. Sai dai akwai gidajen da take ɓatar da mace, ta yi wata da watanni tana neman laifin da ba ta yi ba, alhali ciwo ne yake cin mijinta a hankali. Gidajen da nake nufi su ne na waɗanda suka dawo daga bakin daga ko daga daji.

A Batsari da Safana ba sai an sha wuya wajen neman irin waɗannan gidaje ba. Ƙananan hukumomin biyu suna bakin dajin Rugu, kuma sun daɗe suna ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga. Har yau ba a manta da 14 ga Fabrairun 2020 ba, ranar da aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Community Watch Corps da matasa kusan 1,500, cikinsu har da 'ya'yan Batsari da Safana. Kafin su akwai 'yan banga da 'yan sa-kai da suka shekara suna kwana a bakin gari. Akwai tsofaffin sojojin da suka yi Laberiya ko suka yi Borno suka dawo gida suna jiran fansho. Akwai mata masu kaki, soja da 'yan sanda da sibil difens. Ga kuma maza da matan da aka sace, suka yi makonni ko watanni a hannun mutanen daji kafin a haɗa kuɗin fansa. Zaman sulhun da aka yi a yankin a 2025 ya sa wasu sun koma gona da kasuwa, amma jikin da ya saba da fargaba ba ya sakin jiki don kawai an ce an sasanta.

Me ya haɗa tsoro da ciki?

Idan mutum ya shiga hatsari, jikinsa yakan saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya koma cinyoyi da damatsa domin gudu ko faɗa, baki ya bushe, aikin narkar da abinci ya tsaya. Shi ya sa ranar da aka ji harbi a gari ba wanda yake tuna tukunya. Ga yawancin mutane, da an samu natsuwa sai komai ya koma daidai. Ga wasu kuwa jikin yakan ci gaba da zama cikin shirin ko-ta-kwana ko da suna kwance a ɗakinsu. Wannan shi ne ciwon firgicin da kan biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD. Mai shi yakan yi munanan mafarkai, yakan zabura da ƙaramin motsi, yakan guje wa duk abin da zai tuna masa, yakan janye daga mutane, wani lokaci ya riƙa ɗora wa kansa laifin mutuwar abokansa.

Cin abincin irin wannan mutum yakan karkata ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Wani ya daina ci: loma biyu ya tsame hannu, ko ya ce komai ɗaci yake masa. Wani kuma ya koma ci ba ƙaƙƙautawa, domin daɗewa cikin damuwa da rashin barci suna sa jiki kwaɗayin zaƙi da maiƙo, kuma cika ciki yakan ɗan kwantar da hankali na ɗan lokaci. Akwai kuma wanda abinci iri ɗaya ne ya gagare shi. Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mana mijinta a wani asibitin da na yi aiki, ya kwashe watanni yana shan maganin olsa da ake sayo masa a kemis, yana ta ramewa. Da aka zauna da shi shi kaɗai, sai ya ce tun ranar da ya shiga wani ƙauye da aka ƙona, ƙaurin nama a wuta yake tayar masa da zuciya. Matar kuwa, don son ta ga ya ci, kullum nama take ƙara masa a miya.

Abin da aka gano a wajen tsofaffin sojojin Amurka

Ƙasar da ta fi zurfafa bincike a kan wannan ita ce Amurka, domin tana da ma'aikata guda mai asibitocinta da ke kula da tsofaffin sojoji kaɗai. Da can an ɗauka cewa cutukan cin abinci na 'yan mata ne masu gudun ƙiba, ba ruwan ƙaton soja da su. Da aka fara tambayar tsofaffin sojojin kai tsaye, maza da mata, sai aka tarar matsalar tana nan a cikinsu, kuma ta fi yawa ga masu ciwon firgici, da masu ciwon damuwa, da waɗanda aka ci zarafinsu ta hanyar lalata a lokacin aiki. Rayuwar barikin ma tana da nata hannun. Soja yakan saba da ci da sauri, da kwana da yunwa a fagen fama sannan ya cika ciki in an samu. Sojan Amurka kuma ana auna nauyinsa da faɗin cikinsa lokaci zuwa lokaci, har wasu kan yi horon yunwa ko su sha maganin zawo kafin ranar awo. In mutum ya ajiye kaki, ɗabi'ar ba lalle ta ajiye shi ba.

Cutukan da likitoci suka fi ambata guda uku ne. Akwai anoreksiya, inda mutum yake hana kansa abinci da gangan har ya rame sosai, yana tsoron ƙiba. Akwai bulimiya, inda yake ci da yawa sannan ya sa kansa amai ko ya sha maganin zawo. Sai kuma cutar ci ba linzami: mutum ya cinye abincin da ya wuce misali cikin ɗan lokaci, yana jin ba zai iya tsayawa ba, yawanci a ɓoye, bayan ya gama kunya da baƙin ciki su rufe shi. Sai a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da wannan ta ukun a matsayin cuta mai zaman kanta, idan abin yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku. Ita ce ta fi yawa cikin ukun, kuma maza da dama suna cikinta.

Rigar da aka ɗinka wa wani

Ba a gano waɗannan cutuka da gwajin jini ko hoton ƙirji. Da tambaya ake gano su. Ɗaya daga cikin takardun tambayoyin da suka fi shahara, mai suna EDE-Q, ta fito a 1994, kuma tana bin diddigin kwana 28 da suka wuce. Akwai wata gajera mai suna SCOFF da likitoci a asibitin St George's na Landan suka fitar a 1999. Tambayoyinta biyar ne: ko mutum yana sa kansa amai saboda cikar ciki, ko yana jin cin abinci ya fi ƙarfinsa, ko ya zubar da fiye da kilo 6 cikin wata uku, ko yana ganin kansa da ƙiba alhali mutane suna cewa ya rame, da kuma ko tunanin abinci ya mamaye rayuwarsa. Wanda ya amsa e sau biyu, ana so a ƙara bincikarsa.

Matsalar ita ce yawancin waɗannan ma'aunai a kan matasan mata Turawa aka yanka su. Har zuwa 2013 ɗaukewar jinin al'ada na wata uku yana cikin sharuɗɗan tabbatar da anoreksiya ga mace, abin da ke nuna wa ake da shi a zuciya lokacin da aka rubuta su. Masu bincike a kan tsofaffin sojoji sun lura cewa namiji ba safai yake cewa yana son ramewa ba. Shi burinsa ƙirar ƙarfi da damatsa, don haka tambayar tsoron ƙiba takan wuce ta gefensa, ya fito da sakamako mai kyau alhali yana cikin matsala.

To in rigar ta matse wa sojan Amurka, ina ga ɗan banga daga Runka ko Wagini? A wajenmu ƙiba ba abin gudu ba ce. In mutum ya yi kumatu, cewa ake ya samu hutu. In ka tambayi magidanci ko yana ganin ya cika ƙiba, dariya zai yi maka. Sannan ga tarbiyyar da ta ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, namiji ba ya fallasa abin da ke ransa. Ko a asibiti, amsarsa ɗaya ce: "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Saboda haka awon da zai yi mana amfani dole ya fara daga inda gaskiya ba ta ɓuya, wato hannun mai girki. Ke ce kike tuƙawa, ke kike kwashewa, ke kike wanke kwano. Babu likitan da ya kai ki sanin abin da ya shiga cikinsa.

Awo na farko: kwano

Ki samu ɗan littafi, ko ki buɗe wurin rubutu a wayarki. Kullum, na tsawon kwana 28, ki rubuta abin da ya faru da kowane kwano: ya cinye, ya ci rabi, ya taɓa kawai, ko bai taɓa ba. Ki ƙara da lokacin da ya ci, da wa ya ci, da irin abincin da ya ture. In daren jiya ya yi firgita a barci ko an ji harbi a kusa, ki sa alama. Bayan sati huɗu za ki ga zanen abin da idonki: wataƙila kullum tuwon dare ne ba ya shiga, wataƙila nama ne, wataƙila duk ranar da ya dawo daga sintiri ne.

Ki lura da waɗannan ma. Ya daina zama cin abinci da 'yan uwansa a zaure, ya koma ci shi kaɗai a ɗaki? Kina tashi da safe ki tarar ragowar tuwon da kika ajiye domin ɗumame ya ƙare? Kina tsintar burodi ko ƙuli-ƙuli ko dafaffen rogo a ƙarƙashin katifa ko cikin aljihu? Yana cin abinci a tsaye, da sauri, idonsa a ƙofa? Yana zagayawa bayi da zarar ya gama ci? In ya ce azumin nafila yake yi, Allah ya ba da lada, amma ki duba ko yana cin abin kirki in an sha ruwa.

In kuna da yawa a gidan, wannan aiki sai da haɗin kai. Ranar girkin abokiyar zamanki ita za ta rubuta. Mata biyu sukan yi wata shida kowace tana zargin a ɗakin 'yar uwarta yake ƙoshi, alhali ba ya ci a ko'ina. Ƙaninsa ko abokinsa kuma zai iya gaya miki ko yana ci a majalisa ko teburin mai shayi.

Awo na biyu: sikeli

Cibiyoyin lafiya a matakin farko sukan kasance da sikeli. A auna shi sau ɗaya duk sati biyu, a kan sikeli ɗaya, da safe, da tufafi marasa nauyi. Lissafin da muke amfani da shi mai sauƙi ne: mutumin da ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata uku zuwa shida ba tare da niyya ba, a bincike shi. In ya kai kashi 10, abin ya yi tsanani. Ga mai kilo 70, kashi 5 shi ne kilo uku da rabi, kashi 10 kuma kilo 7.

Akwai kuma lissafin da ake kira BMI, wanda ke haɗa nauyi da tsawo. Ki ninka tsawonsa na mita da kansa, sannan ki raba nauyinsa da abin da kika samu. Mai tsawon mita 1.70 da kilo 53 zai fito da 18.3. Duk babban da ya gaza 18.5 ya rame fiye da ƙima. In ba halin zuwa awo, tufafi ma sikeli ne: zariyar wando da ake ƙara ɗaurewa, bel da aka ƙara wa huda, agogo da zobe da suka soma yawo.

Sai dai kar sikeli ya ruɗe ki. Mai bulimiya yakan kasance da nauyi daidai, mai ci ba linzami kuma ƙiba yake ƙarawa. Tumbin da ya fito wa tsohon soja shekara ɗaya bayan ritaya, dangi suna ta barka da hutu, yana iya zuwa da hawan jini da ciwon suga a bayansa.

Awo na uku: tambaya

Waɗannan tambayoyi na tsara su ne da irin harshen da mutanenmu suke amsawa. Ba su tabbatar da cuta, aikinsu su nuna miki ko lokacin ganin likita ya yi.

1. Kana jin yunwa amma abincin ya ƙi wucewa, ko yunwar ce ba ta zuwa sam?
2. Akwai abincin da kake ci da, yanzu ƙamshinsa ko ganinsa yake tuna maka wani abu?
3. Yakan faru ka fara ci ka kasa tsayawa har cikinka ya yi ciwo?
4. Kana tashi cikin dare ka ci domin barci ya ƙi zuwa?
5. Hankalinka yakan tashi in ba ka ga abinci a ajiye kusa da kai ba?
6. Ka taɓa sa kanka amai, ko ka sha wani abu domin ya wanke maka ciki bayan ka ci?
7. Kana shan wani abu domin ka iya aiki ko sintiri ba tare da ka ci ba?

Ko e ɗaya aka samu, in abin ya wuce wata guda yana faruwa, kar a zauna a kai.

Kafin a ce damuwa ce

Abu na farko da za a raba shi ne wanda ba ya ci domin babu, da wanda ba ya ci ko da akwai. Shekarun da gonakin bakin daji suka yi ba a noma su sun taɓa rumbunan Batsari da Safana, kuma magidanta da yawa sukan ce sun ƙoshi domin yara su samu. Wannan yunwa ce, maganinta abinci. Amma ki sani, zama tsakanin yau akwai gobe babu shi kansa yakan koya wa jiki cin wuce ƙima duk ranar da aka samu.

Na biyu, rama tana da iyaye da yawa. Tarin da ya wuce sati biyu tare da gumin dare yana iya zama tarin fuka, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Yawan fitsari da ƙishirwa alamar ciwon suga ne. Akwai cuta mai karya garkuwar jiki, akwai gyambon ciki, akwai tsutsar ciki, har ciwon haƙori yakan hana dattijo tuwo. Sai kuma abin da ba a son faɗa: taramol da makamantansa, waɗanda wasu matasa suka koya a wajen sintiri don kore gajiya. Suna kashe sha'awar abinci, suna sa tashin zuciya. Yawan goro da sigari da shayi mai kauri ma suna danne yunwa. Don haka a fara da gwajin jiki. In an samu ciwo a yi magani, amma kar samun olsa ya sa a rufe maganar abin da ke zuciya, domin sukan zo tare.

Wa ke duba kwanon mai rabo?

Duk abin da na faɗa ya shafi mace, har ma ya fi ɓuya a wajenta. Ita ke rabawa, ita ke ci a ƙarshe, a kicin, ba wanda ya san ko ta ci. Mata sun daɗe a cikin kaki a Nijeriya, kuma tun 2011 makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ta fara ɗaukar mata a sahun hafsoshin yaƙi. Wadda ta dawo daga irin wannan aiki, da wadda aka karɓo daga daji, kowace tana bukatar wata mace, uwa ko yaya ko aminiya, da za ta riƙe mata littafin kwano.

Ga mai ciki ko mai shayarwa, tef ɗin nan da ake auna damtsen yara a wajen awon tamowa yana da na manya. Ma'aikatan lafiya da yawa suna ɗaukar damtsen da ya gaza santimita 23 a matsayin alamar tana bukatar taimako. In kuma an keta mata haddi a daji, tashin zuciya da ƙin abinci suna iya zama firgici, suna iya zama shigar ciki. A kai ta asibiti da wuri cikin sirri. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72.

Sannan ina roƙon iyaye mata: kar a sayo mata sha-ka-fashe don ta yi saurin murmurewa a daina nuna ta. Da yawa daga cikin ƙwayoyin nan suna ɗauke da sinadarin da ke tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya tayar da hawan jini da suga, ya raunana ƙashi. Kumburin da za ki gani ba lafiya ba ce, kuma zai rufe miki ainihin abin da ya kamata ki auna.

Ranar da aka dawo, a bi a hankali

Wanda ya yi wata biyu a daji yana cin ɗan abin da aka jefa masa, ranar da ya dawo gida cika yake da 'yan barka, kowa da langarsa: shinkafa da miya, farfesun kaza, lemon kwalba. Niyyar mai kyau ce, amma akwai hatsari a ciki. Jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi da abinci lokaci guda, sinadaran fosfet da fotasiyam da ke cikin jini sukan faɗi warwas, zuciya ta rikice. Likitoci sun ga haka ƙarara a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da fursunonin da suka tsira daga yunwa suka riƙa mutuwa bayan an fara ciyar da su. Hatsarin ya fi yawa a kwanakin farko, musamman ga wanda ya yi kwana goma ko fiye kusan ba ci. Duk uwar da ta taɓa jinyar yaro mai tamowa ta san da madara mai ruwa-ruwa ake farawa, kaɗan kaɗan, kafin a kai ga abincin leda mai gyaɗa. Dalilin ɗaya ne.

Saboda haka asibiti ne zangon farko kafin gida. A fara da kunu, koko, fura mai nono, ɗan kaɗan sau shida a rana, ana ƙarawa sannu a hankali. In ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, ko ya rikice, a koma asibiti a daren, kar a jira safiya.

In kuma bayan ya warware kika ga yana ci kamar ba zai ƙoshi ba, kar a yi masa gori. Tsakanin 1944 da 1945 wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji a jami'ar Minesota ta Amurka da samari 36 masu ƙoshin lafiya da suka amince a rage musu abinci na sati 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Suka koma ba su da zance sai na abinci, suna lasar faranti, suna saurin fushi, sha'awar mata ta ɗauke musu. Da aka sake musu abinci, wasu sun yi watanni suna ci har ya dame su kafin su daidaita. Waɗannan ba wanda ya ɗora musu bindiga. Yunwa kaɗai ta yi musu haka.

Yadda za ki ɗauko maganar

Kar ki tayar da ita a gaban yara ko baƙi, kuma kar ki tayar da ita lokacin da kwanon yake gabansa. Ki bari sai dare ya yi, hankali ya kwanta. Maimakon "Wai me na yi maka da ba ka cin abincina?" ki ce: "Maigida, na ga kwana biyu tuwon dare ba ya shiga. In akwai abin da ya fi maka sauƙin ci, ka faɗa mini in yi maka." In ya yi shiru, ki ƙyale shi, kin dai buɗe ƙofa. Kar ki matsa masa ya ba ki labarin abin da ya gani a daji. Wannan sai ya shirya, kuma wataƙila ga wani zai fi iya faɗa: yayansa, limamin unguwa, ko wanda suka yi aiki tare. In ɗanki ne, ki sa kawunsa ko babban abokinsa ya raka shi asibiti, domin saurayi yakan ji nauyin a gan shi uwa ta riƙo hannunsa.

A gida, ki tsayar da lokacin cin abinci, ki rage yawan abin da kike zubawa don kar ganinsa ya tsorata shi, ki cire abin da ya ce yana tayar masa da zuciya ba tare da dogon bincike ba. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti, a haɗa duka.

Ina za a nufa?

A fara da cibiyar lafiya mafi kusa ko babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, a yi awo da gwaje-gwajen jiki. Ki tafi da littafinki, ki miƙa wa likita ko nas. Shafi huɗu na abin da kika rubuta sun fi "ba ya cin abinci" amfani nesa ba kusa ba, kuma ki faɗa musu a fili cewa ya yi aikin tsaro ko ya zauna a hannun 'yan bindiga. In ana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tsohon soja kuma ya tuntuɓi ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion game da inshorar lafiyarsa. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka. Ciwon firgici da na damuwa suna jin magani da zaman tattaunawa da ƙwararru, kuma in suka lafa, cin abinci yakan dawo.

Abubuwa huɗu ba sa jiran kwana 28: suma ko jiri mai kayar da mutum, aman jini ko baƙin bayan gida, kwana biyu ba ci ba sha, da kuma furucin cewa ya gaji da rayuwa ko gara ya bi abokansa. In kin ji wannan na ƙarshe, ki sanar da babban namijin da yake jin maganarsa a ranar, a nisanta shi da makami da maganin ƙwari na gona, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti.

'Yan uwa, in akwai wadda ta yi jinyar irin wannan a gidanta, ta gaya mana a ƙasa abin da ya taimaka mata, wata za ta ƙaru. Sai dai a sakaya suna da gari, domin sirrin mai jinya amana ce. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar mana da yankunanmu lafiya.